Tambayoyi da Amsoshi Kan stat da Ƴan'uwansa: Ga Masu Ƙaurar da Manhaja Daga Wata Babbar Manhaja Zuwa Wata

A zaman da mukan yi da yamma nan Damagaram, mu masu rubuta manhaja da ɗaliban jami'a da ke zuwa da kwamfutocinsu, akwai koke-koken da ba sa ƙarewa. Yaro ya rubuta manhajarsa a Linux, ta yi aiki lafiya lau, sai mai farmasi ko mai shagon da ya ba shi aikin ya ce ai kwamfutarsa Windows ce. Daga nan ake fara jin "ta ƙi ganin fayil", ko "lokaci ya zame da awa guda", ko "ta tsallake rabin ajiyar". Galibin waɗannan daga tushe guda suke: kiran da manhaja ke yi don ta tambayi halin da fayil yake ciki. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaita mini, na amsa su da misalan harshen C, domin a can ne abin ya fi fitowa fili.

Malam, mene ne stat ɗin nan tukuna?

Kira ne da manhaja ke yi wa babbar manhaja, wato irin su Linux ko Windows, tana cewa: ga sunan fayil, gaya mini labarinsa ba tare da na karanta abin da ke ciki ba. Tun Unix ta farko ta 1971 ake da shi, kuma daga baya POSIX, ƙa'idar da manyan manhajoji dangin Unix ke bi, ta tsayar da siffarsa. Amsar tana dawowa cikin `struct stat`, wanda ke da gurabe kamar haka: `st_mode` na ɗauke da irin fayil da izininsa, `st_size` girmansa, `st_dev` da `st_ino` shaidarsa, `st_nlink` yawan sunayen da yake da su, `st_uid` da `st_gid` mai shi da rukuninsa, sai lokuta uku, wato `st_atime`, `st_mtime` da `st_ctime`.

Duk lokacin da ka buga `ls -l`, ko `make` ya yanke cewa sai an sake harhaɗa wani fayil, ko Git ya ce maka ka taɓa wani abu, wannan kiran ne ke aiki a ƙarƙashi.

Me ya bambanta stat da lstat da fstat?

Idan sunan da ka bayar mahaɗin nuni ne, wato ɗan fayil da aikinsa kawai nuna wani fayil, `stat` zai bi nunin har ya kai ga fayil na ainihi ya ba ka labarinsa. Shi kuwa `lstat` tsayawa yake a kan mahaɗin, ya ba ka labarin mahaɗin kansa; ya shigo ne tare da mahaɗan nuni a BSD 4.2 ta 1983. `fstat` ba ya karɓar suna sam, fayil ɗin da ka riga ka buɗe yake tambaya. Akwai kuma `fstatat` na POSIX ta 2008, mai neman suna daga cikin foldar da ka riga ka buɗe. Amfanin `fstat` ya wuce yadda ake zato. Duba amsar da ke kan "duba kafin buɗewa" can ƙasa.

Ai Windows ma tana da _stat. Me zai hana in sauya suna kawai?

Kama da wane ba ta wane. `_stat` na laburaren C na Microsoft yana da gurabe masu irin waɗannan sunaye, shi ya sa kod ɗinka zai harhaɗu ba gardama, kuma a nan haɗarin yake. `st_uid` da `st_gid` kullum sifili ne. `st_ino` ba ya ɗauke da wata shaida, sifili kake samu. `st_dev` lambar diski ce kawai, A ta zama 0, C ta zama 2. `st_ctime` wani lokaci ne dabam da wanda ka sani a Unix. Babu `lstat` ko kaɗan, kuma a kwamfailar Microsoft, wato manhajar da ke harhaɗa kod, ba za ka tarar da `S_ISDIR` da `S_ISREG` ba, sai ka ƙirƙire su da kanka daga `_S_IFMT`.

Akwai kuma wani tarko a tsofaffin laburaren: ka ba `_stat` sunan folda mai karan layi a ƙarshe, irin `C:\Kaya\`, ya ce maka babu ita alhali tana nan. Idan abin da kake so bai wuce "akwai fayil ɗin, kuma nawa ne girmansa" ba, `_wstat64` ya ishe ka. In ya wuce haka, sai ka gangara ga kiraye-kirayen Windows na asali.

To ta ina zan fara ƙaurar?

Wannan ce tambayar da na fi son a yi mini, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Kada ka fara da rubuta kwaikwayon `stat`. Fara da bin kod ɗin layi-layi, ka fitar da duk inda aka kira shi, ka rubuta a takarda abin da manhajar ke son sani a wurin. Za ka ga tambayoyin ba su da yawa: fayil ɗin yana nan? Folda ce ko fayil? Ya sauya tun ganin da na yi masa na ƙarshe? Waɗannan sunaye biyu abu guda suke nunawa? Ina da ikon rubutu a cikinsa?

Kowace daga cikinsu tana da amsa ta gaskiya a Windows, amma ba dole ta bi ta gurbin da ta saba bi a Unix ba. Shi ya sa nake ba ƙannena shawara su rubuta ƙananan kiraye-kiraye nasu, ɗaya na "fayil guda ne?", ɗaya na "ya sauya?", kowanne da fuska biyu, ta Linux da ta Windows, sauran manhajar kuwa kada ta ƙara taɓa `struct stat` kai tsaye. Inda kuma Windows ba ta da amsa, bari kiran ya fito fili ya ce bai sani ba. Gurbin da aka cike da sifili don a rufe bakin kwamfaila ya fi kuskuren da ya bayyana ɓarna, domin manhajar za ta ɗauki sifilin a matsayin gaskiya ta yi aiki da shi.

Me ya sa manhajata ke ɗaukar duk fayiloli a matsayin abu guda a Windows?

Wannan ya taɓa cin ni da kaina. Na rubuta wa wani mai sayar da magani manhajar da ke kwafe bayanan cinikinsa kowane dare. A Linux na sa ta riƙa tuna `st_dev` da `st_ino` na duk abin da ta kwafa, don kada ta kwafi fayil guda sau biyu idan yana da sunaye biyu. Da na mai da ita Windows, fayil na farko ya zo da sifili, na biyu ma sifili, sai ta ce ai ta riga ta kwafe shi. Kwana da kwanaki tana kwafe fayil ɗaya tak tana ba da rahoton an gama lafiya. Allah ya rufa asiri na duba ajiyar kafin wani abu ya sami kwamfutarsa, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin amanar mutum ce a hannuna.

A Unix, haɗin `st_dev` da `st_ino` shi ne shaidar fayil. Makwafinsa a Windows yana cikin abin da `GetFileInformationByHandle` ke dawo da shi: `dwVolumeSerialNumber` a madadin `st_dev`, sai `nFileIndexHigh` da `nFileIndexLow` da za ka haɗe su zama lamba guda mai bit 64. Kada ka yi ƙoƙarin cusa ta cikin `st_ino` na Microsoft, don bit 16 kacal gurbin ke ɗauka. Ka gina naka tsarin.

Sharuɗɗa biyu. A tsarin ajiya na ReFS shaidar bit 128 ce, sai ka nemi `FileIdInfo` ta hanyar `GetFileInformationByHandleEx`, wanda ake samu daga Windows 8. A FAT kuma, tsarin ajiyar da aka saba gani a kilen USB, lambar daga matsayin fayil cikin foldarsa ake ƙirƙiro ta, tana iya sauyawa idan an sake masa suna ko an gyara jerin diski, don haka kada ka adana ta ka dawo gobe kana dogaro da ita.

Yaya zan rubuta kwaikwayon da ya yi kusa da na gaskiya?

Buɗe fayil ɗin da `CreateFileW`, ka nemi `FILE_READ_ATTRIBUTES` kaɗai, ka ba da izinin tarayya duka uku, na karatu da rubutu da gogewa, don kada ka tare wa wata manhaja hanya. Sa `FILE_FLAG_BACKUP_SEMANTICS`, in ba haka ba folda ba za ta buɗu ba. Daga mariƙin da ka samu, wato lambar da Windows ke ba ka idan fayil ya buɗu, ka ciro shaida, girma, yawan sunaye da lokuta, sannan ka rufe shi. In `lstat` kake kwaikwayo, ƙara `FILE_FLAG_OPEN_REPARSE_POINT`.

Buɗe fayil a Windows yana da nauyi, musamman in akwai manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta da ke leƙa kowace buɗewa. A tsofaffin kwamfutocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu za ka ji nauyin idan fayilolin sun kai dubbai. Inda ba ka bukatar shaida, `GetFileAttributesExW` ya fi sauƙi. Idan kuma folda kake zagayawa, `FindFirstFileW` da `FindNextFileW` suna ba ka girma da lokuta tare da sunan, ba sai ka sake tambaya ba. Sai dai ka sani, abin da suke bayarwa daga rajistar folda yake, kuma a NTFS, tsarin ajiyar da Windows ta saba amfani da shi, yakan yi jinkirin sabuntuwa ga fayil ɗin da ake kan rubutawa ko mai sunaye da yawa.

Ta yaya ake mai da lokacin Windows ya zama na Unix?

Unix na ƙirga sakan ne daga 1 ga Janairu 1970. `FILETIME` na Windows kuwa yana ƙirga gutsattsarin nanosakan 100 daga 1 ga Janairu 1601. Tsakaninsu shekara 369, wato sakan 11644473600. Ka haɗa rabi biyu na `FILETIME` su zama lamba mai bit 64, ka raba da 10000000, ka debe 11644473600, ka sami sakan. Ragowar rabon ka ninka ta da 100 ta zama nanosakan. Kada ka bi ta lokacin gida a tsakani, dukansu biyu a UTC suke, wato agogon bai ɗaya na duniya.

Ashe st_ctime ba lokacin ƙirƙirar fayil ba ne?

A Unix ba shi ba ne, kuma mutane da yawa harafin c ne ke ruɗar su. Lokacin da bayanin fayil ya sauya ne na ƙarshe: an rubuta a ciki, an sauya izini, an sauya mai shi, ko an ƙara masa suna. Mai amfani na iya mai da `st_mtime` baya da `touch`, amma yin hakan kansa na ɗaga `st_ctime`, shi ya sa manhajojin ajiya ke dogara da shi. A `_stat` na Windows kuwa, `st_ctime` lokacin ƙirƙira ne. Manhajar da ke cewa "in ctime ya motsa, fayil ya sauya" ba za ta ƙara ganin motsi ba bayan ƙaura.

NTFS tana da lokacin sauyi na ainihi, yana cikin gurbin `ChangeTime` idan ka nemi `FileBasicInfo`. Ta ɗaya ɓangaren, in lokacin ƙirƙira kake so a Linux, sai `statx`, wanda ya zo da Linux 4.11 a 2017. Shi yana gaya maka ko tsarin ajiyar ya san amsar ko bai sani ba, kuma wannan ɗabi'a tasa ce ya kamata kwaikwayonka ya ɗauka. Ko Python sai a siga ta 3.12 ta ƙara `st_birthtime` a Windows don raba wannan gardama.

Wani abin lura: idan ka goge fayil a Windows ka ƙirƙiri wani da sunansa cikin sakan 15, sabon yakan gaji lokacin ƙirƙirar tsohon. Da gangan aka yi haka saboda manhajojin da ke adanawa ta hanyar sauya suna.

Na kwafe fayiloli a kilen USB, lokacinsu ya zame da awa guda. Laifin wa?

Mu da intanet ba kullum take wadatuwa ba, kile ne babbar hanyar jigilar fayil daga ofis zuwa gida, daga Damagaram zuwa Mirriya ko Magarya, kuma yawancin kile da FAT32 ko exFAT suke zuwa. FAT32 ba ta san UTC ba, lokacin gida take rubutawa ba tare da ta faɗi na wane gari ba ne. Windows ta rubuta ƙarfe goma na agogon Nijar, wanda ke gaban UTC da awa ɗaya. Galibin Linux na yanzu kuma su karanta goman a matsayin UTC, su nuna maka sha ɗaya. Maganin a Linux shi ne a ɗora kilen da zaɓin `time_offset=60`.

Akwai dalili na biyu da na sha gani a garin nan. Wanda ya girka Windows ta Faransanci yakan bar agogon a kan lokacin Faris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Faris da namu ɗaya ne, babu wanda ke lura. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris su ƙara awa, mu ba ma ƙarawa, sai mai kwamfutar ya gyara agogon da hannu, daga nan duk lokacin da NTFS ta adana ya karkace da awa guda. Kafin ka tuhumi kod ɗinka, duba yankin lokacin: na Afirka ta Tsakiya ta Yamma ake so a Windows, `Africa/Niamey` a Linux.

Sai kuma zancen sakan biyu. FAT tana adana lokacin rubutu ne da tazarar sakan bibbiyu, NTFS da nanosakan 100, ext4 ta Linux kuma har nanosakan ɗaya. In kana gwada lokacin fayil da na kwafinsa da alamar daidai, za ka riƙa sake kwafe abin da bai sauya ba. Ba da rangwamen sakan biyu. Abin da `--modify-window` na rsync da `/FFT` na robocopy ke yi ke nan. Kuma FAT ba ta san wata shekara kafin 1980 ba.

Zan iya dogara da st_atime?

A'a. Linux tun siga ta 2.6.30 take amfani da `relatime`, ba kowane karatu take rubutawa ba. Windows Vista ta kashe sabunta shi, NTFS ko an kunna takan jinkirta har awa guda, FAT kuma rana kawai take riƙewa ba awa. In manhajarka na bukatar sanin yaushe aka karanta abu, ta rubuta da kanta.

Ina izinin rwx yake a Windows?

Babu shi da wannan siffa. Windows na aiki da jerin izini na ACL, inda kowane mutum ko rukuni ke da layinsa, kuma mai fayil ba lamba ce ƙarama irin `st_uid` ba, doguwar shaida ce mai suna SID. Abin da `_stat` ke zubawa a `st_mode` ƙiyasi ne: karatu kullum a buɗe, rubutu a buɗe sai in an sa alamar "karatu kawai", izinin gudanarwa kuma daga wutsiyar suna, wato .exe, .com, .bat da .cmd. Bai leƙa ACL ba ko sau ɗaya. Don haka zai iya ce maka kana da ikon rubutu, ka je buɗewa a hana ka.

Shawarata ita ce kada ka tambayi izini, gwada aikin ka karɓi amsar. Inda kuma manhajar ke ƙin fayil ɗin sirri in wasu na iya karanta shi, kamar yadda SSH ke yi da makulli, to dole ka karanta ACL da `GetNamedSecurityInfoW`, babu gajeriyar hanya. Wannan rashin jituwar ne ya sa Git ke da `core.fileMode`, don kada ya ce kowane fayil ya sauya saboda izinin gudanarwa kawai.

Windows tana da mahaɗin nuni kuwa? Ina ce gajeriyar hanyar da ke kan allo ce?

Gajeriyar hanya mai wutsiyar .lnk fayil ne kamar kowane fayil, `stat` ba ya bin ta. Mahaɗin nuni na gaskiya ya zo da Windows Vista, kuma ƙirƙirarsa na bukatar ikon shugaban kwamfuta, sai a Windows 10 ta 2017 aka sassauta wa wanda ya kunna yanayin masu rubuta manhaja. Tun Windows 2000 kuma akwai mahaɗar folda, wadda take kama da shi amma folda kaɗai take nunawa.

Dukansu suna ɗauke da alamar `FILE_ATTRIBUTE_REPARSE_POINT`, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki duk mai alamar a matsayin mahaɗi. Fayilolin OneDrive da ba a sauke ba su ma sukan ɗauke ta. Sai ka duba tambarin: `IO_REPARSE_TAG_SYMLINK` shi ne mahaɗin nuni, `IO_REPARSE_TAG_MOUNT_POINT` mahaɗar folda. Ko za ka kira ta biyun mahaɗi ko folda, wannan ya koma ga tambayar "ta ina zan fara". Manhajar da ke goge folda da duk abin cikinta dole ta ɗauke ta a matsayin mahaɗi, in ba haka ba za ta bi ta ta goge kayan da ke wani wuri dabam.

Fayil mai suna "ƙididdiga" ya ƙi samuwa, amma mai suna da Faransanci yana samuwa. Me ke faruwa?

Wannan matsalarmu ce ta musamman, kuma ina jin zafinta, domin ita ke sa mutane su daina rubuta Hausa daidai a sunayen fayilolinsu. A Linux suna jerin bayit ne kawai, galibi UTF-8. A Windows sunaye UTF-16 ne, kuma kiran da ke karɓar `char` yana fassara su ta tsohon jadawalin haruffa, wanda a kwamfutocin Faransanci da Ingilishi shi ne 1252. Harafin é yana cikin jadawalin. Haruffanmu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa ciki. Sunan ya lalace a hanya, `_stat` ya ce babu fayil.

Ka riƙe sunaye da UTF-8 a cikin manhajarka, a bakin ƙofa ka juya su da `MultiByteToWideChar` da `CP_UTF8`, ka kira masu W a ƙarshe ko `_wstat64`. Daga Windows 10 siga ta 1903 ana iya bayyana UTF-8 a takardar bayanin manhaja, amma tsofaffin Windows da har yanzu ke aiki a shaguna ba su san wannan ba. Kada ka manta da iyakar haruffa 260 ta tsawon adireshi, wadda ake tsallakewa da sa `\\?\` a gaban cikakken adireshi. Sannan a Windows da macOS "Kaya.txt" da "kaya.txt" galibi fayil guda ne, a Linux biyu ne, gwada sunaye ba ya gaya maka ko abu guda ne, koma ga amsar shaidar fayil.

Me ya sa babban fayil ke ba da kuskure ko girman banza?

Lamba mai bit 32 mai alama ba ta wuce 2147483647, wato gigabayit 2 ba bayit ɗaya. A Linux mai bit 32, `stat` zai dawo da `EOVERFLOW` sai ka harhaɗa da `_FILE_OFFSET_BITS=64`. A Windows, `_stat` na yau da kullum girmansa bit 32 ne ko da kwamfutar mai bit 64 ce, kuma `long` ma bit 32 ne a can; yi amfani da `_stat64` da `int64_t`. FAT32 kuwa ba ta karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4, komai kyan kod ɗinka. `st_blocks` babu shi a Windows. Mafi kusa da shi `GetCompressedFileSizeW`.

Zancen 2038 ya shafe ni?

In `time_t` ɗinka, wato lambar da ke riƙe sakan na lokacin Unix, bit 32 ne, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 03:14:07 UTC, huɗu da minti sha huɗu na asuba a agogonmu. Microsoft ta mai da shi bit 64 tun Visual Studio 2005. A Linux mai bit 32, irin na ƙananan na'urori, glibc 2.34 ta 2021 ta kawo `_TIME_BITS=64`. Abin da aka fi mantawa shi ne fayil ɗin da manhajarka ke adana lokaci a ciki. In gurbin can bayit huɗu ne, gyaran kwamfaila bai taɓa shi ba.

Yaya zan fassara kurakuran Windows zuwa errno?

`ERROR_FILE_NOT_FOUND` da `ERROR_PATH_NOT_FOUND`, lamba 2 da 3, su tafi `ENOENT` a `errno`, gurbin da Unix ke zuba lambar kuskure. `ERROR_ACCESS_DENIED`, lamba 5, ya tafi `EACCES`. Mai wahalar shi ne lamba 32, `ERROR_SHARING_VIOLATION`, wanda ba shi da ɗan'uwa a Unix: fayil yana nan, wata manhaja ce ta riƙe shi. Misalinsa `pagefile.sys`. A nan sai ka koma ga `FindFirstFileW` ka karɓi abin da ya samu, ka nuna cewa shaida ba ta samu ba. Ko ta yaya, kada ka mai da kowane kuskure "babu fayil". Manhajar daidaita foldoji da ta ji "babu" tana iya goge kwafin da ke ɗaya gefen.

Laifi ne in duba da stat kafin in buɗe fayil?

Tsakanin dubawarka da buɗewarka wani na iya sauya fayil ɗin da mahaɗi zuwa wani wuri, ko mai kwamfuta ya zare kile. Buɗe tukuna, sannan ka tambayi abin da ka buɗe da `fstat`, ko da mariƙin Windows. Haka abin da ka duba shi ne abin da ke hannunka.

macOS da BSD fa? Ai su ma Unix ne.

Sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma akwai tuntuɓe. Gurbin nanosakan da Linux ke kira `st_mtim`, macOS na kiransa `st_mtimespec`. Suna da lokacin ƙirƙira a cikin `struct stat` kansa, ba su da `statx`. Jerin gurabe da faɗinsu ya bambanta daga wata babbar manhaja zuwa wata, don haka kada ka taɓa zuba `struct stat` ɗungurungum cikin fayil ko ka aika shi ta hanyar sadarwa. Tsohon tsarin ajiya na HFS+ kuma yana raba é gida biyu, e da alamarta, sai sunan da ka rubuta da wanda ka karanto su ƙi daidaita.

Dole ne in rubuta duk wannan da hannuna?

Ba dole ba ne, kuma in aikin na kasuwa ne mai wa'adi, ban ba ka shawara ba. C++17 yana da `std::filesystem` mai `status`, `symlink_status` da `equivalent`. Go yana da `os.SameFile`, Python `os.path.samefile`, Gnulib na da nasa `stat` na Windows, libuv kuma shi ke ƙarƙashin Node.js. Amma laburare ba ya ɗauke maka sanin abin da ke sama. Zai ba ka lokacin FAT da tazararsa ta sakan biyu, ba zai gaya maka ka yi rangwame ba. Ɗalibin da ke son ya ga yadda gwanaye suka yi, ya buɗe `compat/mingw.c` a cikin kod ɗin Git ya karanta `mingw_lstat` a natse, yana gwada kowane layi da amsoshin nan.

Da me zan gwada kafin in miƙa aiki?

Ina da folda guda da nake yawo da ita, kuma kowace manhaja sai ta bi ta kanta kafin ta bar hannuna. A ciki akwai fayil marar komai, da wanda ya haura gigabayit 4, da mai suna "ɓaure da ƙwai", da mai é, da fayil guda mai sunaye biyu, da mahaɗin da abin da yake nunawa ya ɓace, da mahaɗar folda mai komawa kan uwarta, da adireshin da ya wuce haruffa 260, da fayil mai kwanan watan 2040. Ina gudanar da gwajin a NTFS, in maimaita a kilen FAT32 da abin da zai iya shiga cikinsa, in maimaita ta foldar tarayya tsakanin kwamfutoci biyu, domin a can shaidar fayil da lokuta sukan zo da wata fuska.

Na ƙarshe shi ne wanda wutar garin nan ta koya mini: ina zare kilen ana tsakiyar aiki, in ga ko manhajar za ta ce ta kasa, ko za ta ce an gama lafiya. In ta ce an gama lafiya, ina komawa kan amsar fassara kurakurai, in bi duk inda aka kira `stat` ba a duba abin da ya dawo da shi ba.